Ruwa Ba Sa'an Yaro Ba Ne

Da zarar damina ta kankama, kududdufan da ke gefen Shema da sauran garuruwan da ke yankin Dutsin-Ma da Kurfi sai su cika su batse. Ramuka ne da aka haƙa da rani domin ɗibar ƙasar gini. A daidai wannan lokaci ne kuma manya ke wuni a gona, a bar ɗan yaye a hannun yayarsa wadda ita ma ba ta gama wayo ba. Ga rijiyoyi marasa murfi a tsakar gida, ga kuma madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, inda samari kan je wanka da kamun kifi.

Wannan haɗari bai tsaya ga ƙasar Katsina kaɗai ba. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da rahoto wanda ya nuna cewa yara kimanin 830,000 ne ke rasuwa kowace shekara sakamakon haɗura. Haɗarin mota ne kan gaba da 260,000, sai nutsewa a ruwa da 175,000, sannan ƙuna da faɗuwa da shan guba. Nutsewa takan ja hankali ne idan ta ci rayuka da yawa a lokaci guda, kamar yadda jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta Jihar Kano a watan Nuwamba na 2021, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Amma ƙananan yara sun fi nutsewa ɗaya bayan ɗaya, kusa da gida, ba tare da labarin ya wuce unguwa ba.

Dalilin haka yana cikin ƙirar jikin yaro. Kan jariri kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na tsawon jikinsa, alhali na babban mutum kashi ɗaya ne cikin takwas. Saboda haka idan mai rarrafe ko mai tatata ya leƙa bokiti ko randa, nauyin kansa sai ya rinjaye shi, hannuwansa kuwa ba su da ƙarfin ɗago shi. Ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 5 ba ya isa ya rufe masa hanci da baki.

Abin da ya fi muni shi ne, mai nutsewa ba ya iya ihu. Da ruwa ya taɓa maƙogwaro, tsokokin wurin sukan tsuke, murya ta ɗauke, iskar oksijin ta daina isa huhu. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuwa sukan fara mutuwa cikin minti 4 zuwa 6 idan babu wannan iska. Uwa na iya kasancewa a bakin murhu, taku goma daga inda ɗanta yake, ba ta ji komai ba.

Wannan ƙurewar lokaci ita ce ke nuna kuskuren al'adar danne cikin yaro ko juya kansa ƙasa wai don a fitar da ruwa. Yin haka ɓata lokaci ne, kuma yakan jawo amai ya shige huhu. Iska ce buƙatarsa. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗan ɗaga haɓarsa, a hura masa iska ta baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu kan tayar da ciwo bayan sa'o'i. Wanda bai ƙware a iyo ba kada ya faɗa ruwa don ceto. Ya miƙa gora, ko ya jefa igiya ko rufaffiyar jarka wadda babu komai cikinta.

Rigakafin kuwa ba shi da tsada. A ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, a kife bokiti da baho bayan wanki, a cike kududdufin da ke kusa da gidaje ko a shinge shi da ƙaya. A ƙasar Bangaladash, inda nutsewa ke kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4, an rage asarar rayuka ta hanyar tara yara a gida guda ƙarƙashin kulawar mace babba a sa'o'in da iyaye ke aiki. Tun 2021 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa.

Makarantun sakandare na da aikin yi kafin saukar ruwa. Malamin kimiyya na iya sa ɗalibansa su zana taswirar unguwanninsu, su nuna kowace buɗaɗɗiyar rijiya da kowane kududdufi, su kai wa mai unguwa. Idan tsautsayi ya auku akan ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Haka ne, amma ai Bahaushe ya ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.