Ciwon Jijiya Da Abin Da Ke Kawo Shi

Ya kai mai gida, dubi igiyar guga. Tun daga Kusugu har rijiyoyin Zango da Baure, duk mai jan ruwa ya san inda ta ke fara cinyewa, watau wurin da ta ke gogar bakin rijiya. To, haka jijiya ta ke. Ba jijiyar jini mu ke nufi ba, farar nan mai tauri wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, irin wadda ka ke gani a ƙafar rago in an feɗe.

Jijiya ta fi jure ja bisa danni. A inda ta zaga kan ƙashi kuwa, ja da danni su kan haɗu mata. In abin kaɗan ne, sai wurin ya yi ƙwari kamar guringuntsi, ba laifi. In ya yi yawa, kullum ba hutu, sai zarenta ya hargitse, ta tara ruwa, ta yi kauri, ƙarfinta ya ragu. A 2012 waɗansu masana biyu na Ostareliya, Jill Cook da Craig Purdam, sun bayyana cewa haɗuwar nan ta fi ja kaɗai ɓarna.

Mu fara da agara, inda ta kama dunduniya. Dogon tsuguno, da hawan tudu da kaya, da takalmi mai matse baya, duk suna danna ta a kan ƙashi. Alamarsa ita ce zafi da sassafe, in ka fara taka ƙasa. Mata kuwa, daka da ɗora tulu a ka su kan matse ta kafaɗa. Saɓa yaro a kwankwaso guda da kwana a gefe ɗaya bisa ƙasa mai tauri su kan danne ta gefen kwankwaso.

Kada ka riƙa miƙe ta da ƙarfi don ta saki, ƙara danna ta ka ke yi. Kada kuma ka kwanta sam, sai ta ƙara rauni. Sa ɗan tsumma mai kauri ƙarƙashin dunduniya cikin takalmi, ka sami kujera maimakon tsuguno. Kowace rana ka dafa bango, ka ɗaga dunduniya a hankali, ka sauke a daɓe sosai, ba bisa dakali ba. Mai ciwon kwankwaso ta sa matashi tsakanin gwiwoyi. Ba a gaggawa, ya kan kai wata 3 ko fiye. Tsagar wanzami da ƙaho, a ganina, asarar kuɗi ce, ga haɗarin gyambo.

Abu guda ba ya jira. In ka ji ƙas a bayan ƙafa kamar an jefe ka, ka kasa ɗagewa bisa yatsu, a kai ka Babban Asibitin Daura ran nan, wataƙila agara ce ta tsinke. Ka faɗa wa likita in kana da ciwon sukari, ko kana shan ciprofloxacin, gama maganin nan ya kan raunana jijiya, balle ga wanda ya wuce shekara 60.