Daga Fitilun Dandamali Zuwa Zauren Baje Koli: Yadda Aka Gano Jimoh Buraimoh

Gabatarwa

Sau da yawa akan ce wane ne ya "gano" mai zane kaza, tamkar dai tsintuwa aka yi a bakin hanya. Wannan maƙala ta ɗauki Jimoh Buraimoh, wanda aka haifa a Oshogbo a 1943, domin nuna matakan da kalmar take ɓoyewa.

Horo da Kayan Aiki

Buraimoh mai haɗa fitilu ne a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Duro Ladipo. A 1964 ya shiga ɗan gajeren horon da Georgina Beier ta gudanar a cibiyar Mbari Mbayo, tare da Twins Seven-Seven da Muraina Oyelami. Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne kayan aikinsa. Yakan shirya ƙananan duwatsun ado a zare, ya manna su a jikin allo, sannan ya cike sauran gurabun da fenti. Ya samo dabarar ne daga kambin sarakunan Yarabawa, wato ya ɗauko abin da aka keɓe wa fada ya mayar da shi zanen da ake ratayewa a bango.

Rawar Zauren Baje Koli

Baiwa kaɗai ba ta kai mai ita gaban jama'a. Ulli Beier ya yi ta rubutu kan masu zanen Oshogbo, sannan zaure irin na Cibiyar Goethe da ke Legas ya nuna ayyukan Buraimoh a ƙarshen shekarun 1960. Sai dai zaure ba bango kawai yake bayarwa ba, har da suna. An tallata su a matsayin waɗanda boko bai taɓa ba, lamarin da ya jawo masu saye daga Turai, amma ya sa wasu masana a gida suka ɗauke su 'yan amshin shatan Turawa. Buraimoh bai tsaya a wannan laƙabi ba, domin a shekarun 1970 ya yi karatun fasaha a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Kammalawa

Darasin ya shafi mai nazarin fasahohin Hausawa. Duk wanda ya kai aikin baduku ko na mai ɗinkin hula zaure, bayanin da ya liƙa a gefensa shi zai yanke ko za a kira mai shi ɗan sana'a ko mai fasaha. Wajibi ne a bar mai aikin ya sa baki a wannan bayani.