Nauyin Sa Ido da ke Wuyan Manyan Ma'aikatan Laburaren Jama'a: Nazari Daga Babura da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana aikin da ke wuyan babban ma'aikacin laburare, watau wanda aka danƙa wa kula da ƙananan ma'aikata da rassa, tare da irin ƙwarewar da aikin yake bukata. Mun ɗauki yankin arewa maso yammacin Jihar Jigawa ya zama abin misali, watau ƙananan hukumomin Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa. Dalilinmu kuwa shi ne, yankin yana nesa da Dutse, hedkwatar jiha, har Babura ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, galibin mutanensa kuma manoma ne da makiyaya. A irin wannan wuri ne ake gane amfanin mai sa ido, domin reshen da ke nesa da idon hukuma shi ne ya fi saurin mutuwa.

2.0 Waiwaye

Laburaren jama'a a Arewa ya samo asali ne daga ɗakunan karatu da En'e-En'e suka buɗe a shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don yaɗa labaran yaƙi da jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939. A 1952 aka kafa Laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ya riƙa aika akwatunan littattafai zuwa waɗannan ɗakuna. A 1953 Hukumar UNESCO ta yi taro a Ibadan a kan bunƙasa laburaren jama'a a Afirka, a 1963 kuma F. A. Sharr ya gabatar da rahotonsa a kan bukatun laburare na Arewacin Nijeriya. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 sai aikin ya koma hannun kowace jiha. Yankin da muke magana a kai ya zauna ƙarƙashin Jihar Kano har zuwa 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka yi Jihar Jigawa.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, da yawa daga ɗakunan karatun En'e sun lalace alhali an yi gini, an kuma aika littattafai. An danƙa su ga mutanen da ba a horar ba, masu ba da shawara suna zaune a Kaduna, ikon ɗaukar ma'aikaci da hukunta shi kuwa yana hannun En'e. Mai tsaron ɗaki da ke tsoron a ci shi tarar littafin da ya ɓace, kulle kabad ya fi masa sauƙi. Watau abin da ya yi ƙaranci shi ne mai sa ido na kusa, wanda ya san aikin, yake kuma da ikon gyara.

3.0 Nauye-nauyen Mai Sa Ido

3.1 Tsara aiki. Wajibi ne kowane ma'aikaci ya san aikinsa a rubuce: wane ne ke teburin ba da aro, wane ne ke mayar da littattafai kan kanta, wane ne ke riƙe da mabuɗi. Haka nan lokutan buɗewa su dace da rayuwar gari. Da damina manomin gero da dawa da riɗi yana gona tun asuba, ɗalibi kuma yana makaranta har azahar, daga nan ya wuce Islamiyya. Laburaren da ke rufewa da ƙarfe huɗu na yamma ya rufe ne daidai lokacin da masu bukatarsa suka fara samun sarari. Aikin babban ma'aikaci ne ya raba mutanensa kashi biyu, na safe da na yamma, ya kuma yi la'akari da ranar kasuwa da watan azumi.

3.2 Rangadi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Rahoton da ƙaramin ma'aikaci ya aiko ba zai nuna yoyon rufi ba, balle gara da ta kama ƙasan kanta. Muna ganin ya kamata a ziyarci kowane reshe aƙalla sau ɗaya a wata uku, a haɗa ziyarar sanarwa da ta ba-zata. Rangadin da ya fi muhimmanci shi ne na bazara, kafin ruwan farko, don a gyara kwano da taga, sai na farkon hunturu, lokacin da ƙura ke shiga littattafai da na'urori. A kowace ziyara a duba rajistar masu shigowa da ta aro, a zauna da ma'aikata, a bar musu abin da aka gani a rubuce, domin ziyara ta gaba ta tashi daga inda wannan ta tsaya.

3.3 Kula da littattafai. Rajistar shigowar littattafai ita ce shaidar dukiyar jama'a, saboda haka ƙidayar shekara-shekara ba abar sakaci ba ce. Amma mai sa ido ya bambanta sata da lalacewar da yawan karatu ke kawowa. In ya ɗora wa ƙaramin ma'aikaci kuɗin duk littafin da ya yage, to ya komar da mu zamanin kulle kabad. Bugu da ƙari, tsarin Dewey na kasa littattafai, wanda aka fara bugawa a 1876, an gina shi ne bisa bukatun masu karatu a Amurka. Addinin Musulunci gaba ɗaya yana ƙarƙashin lamba 297, harshen Hausa kuwa yana can 493.72. A Babura waɗannan fannoni biyu suna cikin abin da jama'a suka fi nema. Dabara ita ce a bar lambobin yadda suke, a keɓe wa littattafan Hausa da na Larabci da na Ajami kanta kusa da ƙofa, da alama a rubuce cikin Boko da Ajami.

3.4 Horarwa da auna aiki. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyon aikin laburare a 1968, Dokar Soja mai lamba 12 ta 1995 kuma ta kafa majalisar yi wa ƙwararrun fannin rajista. Duk da haka, wanda mai karatu ke tararwa a teburin reshen karkara sau da yawa mataimaki ne da bai yi wannan karatu ba. Makarantarsa ita ce shugabansa. Ana nuna masa aiki, ya yi a gaban mai koyarwa, a gyara masa, sa'an nan a bar shi ya yi shi kaɗai. Game da auna aiki kuwa, tun bayan rahoton Hukumar Udoji na 1974 aka karkata ga buɗaɗɗen rahoton shekara, wanda ma'aikaci ke ganin abin da aka rubuta a kansa. Shugaban da ke ba kowa "ya yi kyau" don gudun ɓacin rai ya zalunci mai ƙwazo, ya kuma hana rago sanin inda zai gyara.

3.5 Hulɗa da jama'a. Reshe ba ya tsayuwa sai da goyon bayan hakimi da dagatai da limamai da shugabannin makarantu. Akwai kuma matan aure da ba sa fita, alhali tun daga tsakiyar shekarun 1980 mata suna cikin manyan masu karanta ƙagaggun labaran Hausa da ake bugawa a Kano. Mai sa ido zai iya shirya akwatin aro ta hannun makarantun Islamiyya na mata, ko ya keɓe musu rana da ma'aikaciya mace.

4.0 Ƙwarewar da Ake Bukata

Ta farko ita ce sanin sana'ar kanta. Wanda bai iya kasa littafi da rubuta katinsa ba, ba zai ga kuskuren na ƙasa da shi ba. Yanzu wannan sani ya haɗa da kwamfuta, domin tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yaron ƙauye da bai taɓa danna madannai ba kuwa ya shiga zauren jarrabawa da rauni. Inda aka sa kwamfutoci da wutar sola, lalle shugaba ya san yadda ake kula da batir, da wanda ke da alhakin kowace na'ura.

Ta biyu ita ce iya zama da mutane, wadda a ƙasarmu take da sarƙaƙiya ta musamman. Sau da yawa shugaba matashi ne mai digiri, na ƙasa da shi kuwa dattijo ne sa'an mahaifinsa, wanda yake kira Baba ko Malam. Kunya tana hana shi magana, shiru kuma yana kashe aiki. Hanyar da muke ganin ta dace ita ce a yi gyara a keɓe, a jingina shi ga ƙa'idar da ke rubuce, a kuma fara da baki kafin takardar gargaɗi. Haka kuma ya yi haƙuri da masu zuwa roƙo a madadin ɗan'uwansu da ya yi laifi: ya saurare su da mutunci, amma hukunci ya zama iri ɗaya ga ɗan gari da baƙo.

Ta uku ita ce rubutu da lissafi. Hukuma a Dutse ba ta ganin mai karatu, alƙaluma take gani. Shugaban da ya iya nuna yawan masu shigowa wata-wata, da fannonin da aka fi ara, da littattafan da aka nema ba a samu ba, shi ne ke da hujja ranar kare kasafin kuɗi. Sharaɗin dai shi ne alƙaluman su zama na gaskiya, domin rajistar da aka cike da sunayen ƙarya tana ɓatar da mai tsara manufa.

Ta huɗu ita ce wakilta aiki. Shugaban da ya riƙe kowane mabuɗi da kowace takarda a aljihunsa, ranar da ya tafi taro aiki ya tsaya.

5.0 Kammalawa da Shawarwari

Mun nuna cewa abin da ya nakasa ɗakunan karatun En'e yana iya nakasa rassan yau, muddin mai sa ido yana nesa ko ba shi da iko. Saboda haka muna ba da shawara a zaunar da babban ma'aikaci guda a cikin yankin, alal misali a Kazaure, ya kula da shi har zuwa Babura da Roni da Gwiwa. A ware kuɗin rangadi da abin hawa a cikin kasafi, kada a bar shi ga aljihun ma'aikaci. A ba shi ikon sayen littattafan Hausa da na Larabci daga Kano gwargwadon bukatar masu karatunsa. A ƙarshe, kwalejojin ilimi da Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure su haɗa hannu da hukumar laburare ta jiha wajen shirya gajerun kwasa-kwasai ga mataimaka a lokacin hutu, a kuma sa halartarsu cikin sharuɗɗan ƙarin girma.