Doki nawa ne a babur ɗinka? Yadda ake auna ƙarfin inji da abin da ya shafi aljihunka

Duk mai leƙa TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: an ɗaure mota da manyan igiyoyi a cikin gareji, tayoyinta na gudu amma ba ta matsa ko taku ɗaya ba, wuta na tartsatsi daga salansa, can sai lamba ta fito a allon kwamfuta, mutane su kaure da ihu. Toyota Supra ce ko Nissan GT-R da aka yi wa aiki har ta haura doki 1,000, ƙarfin da Bugatti Veyron ta girgiza duniya da shi a 2005.

Na'urar da motar ke kai sunanta dainamomita, masu harkar kuma kan ce daino. Sai ka ce ina ruwan matashin Dambatta, Makoɗa, Kunchi ko Bichi da ita. Ai kuwa da ruwansa, domin mu ma kullum cikin cinikin doki muke. Mai injin ban ruwa ya ce maka "shida da rabi ne". Bakanike ya ce kawo babur a fasa salansa, zai riƙa tashi kamar jirgi. Mu zaro kuɗi mu biya, babu wanda ya auna komai.

Me ake nufi da doki?

James Watt, injiniya ɗan Sikotilan, shi ya yayata wannan ma'auni a ƙarshen ƙarni na 18. Yana sayar da injin tururi ga mutanen da suka saba sa dawaki aiki, don haka ya buƙaci hanyar gaya musu dawaki nawa injinsa zai maye. Doki ɗaya na Watt ya kai wat 746 a lissafin lantarki. A ma'aunin da Turai da Japan suka fi amfani da shi kuma, doki ɗaya shi ne ɗaga kilo 75 zuwa tsayin mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya.

Abu biyu ke haɗuwa su ba da wannan lamba: ƙarfin murɗawar inji, da yawan juyin da yake yi a minti ɗaya. Aure tsakaninsu shi ne doki. Shi ya sa injin niƙa na dizal mai tafiyar hawainiya zai iya yin kunnen doki da babur mai kuka, saboda kowane juyi nasa da nauyi yake zuwa. Babur mai sisi 100 irin Bajaj Boxer da ake acaɓa da ɗaukar buhu da shi, ƙarfinsa wajen doki 8 ne daga kamfani.

Yadda daino ke aiki

Tushen abin tsoho ne. A 1821 wani Bafaranshe, Gaspard de Prony, ya matse sandar inji da birki na katako, ya rataya nauyi a ƙarshen wani dogon hannu, ya ga nauyin da injin zai iya riƙewa yana juyi. A 1877 William Froude na Ingila ya fito da wadda ke amfani da ruwa a matsayin birki. Har gobe dabarar ba ta canza ba: ka ɗora wa inji kayan da ka san nauyinsu, ka ga yadda zai yi da su.

A garejin zamani ana hawar da tayoyin mota kan wata ganga ta ƙarfe mai nauyi, a ɗaure motar tam, a kunna babbar fanka a gabanta don kada ta yi zafi. Direba ya sa giya guda, yawanci ta huɗu, ya take totur daga ƙasa har inda inji ya ƙure. Kwamfuta na lissafa saurin da gangar ta ɗauki gudu, ta zana layi mai nuna ƙarfin inji a kowane mataki.

Akwai abin da masu bidiyo ba su cika faɗa ba. Lambar da aka samu a taya ba ta kai ta inji, domin giya da sauran ƙarafa kan cinye kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a hanya. Daino biyu kuma na iya ba mota ɗaya lamba biyu. Don haka ƙwararru kan auna mota kafin a taɓa ta, su sake aunawa bayan aiki, a kan na'ura guda. Bambancin shi ne abin da ka biya wa kuɗi.

Yanayi ma na da ta cewa. Inji da iska yake numfashi. Kano na sama da teku da kusan mita 480, kuma injin da ba shi da tobo kan rasa kamar kashi 3 cikin 100 a duk hawan mita 300. Ga kuma zafin Afrilu: iskar da ta kai digiri 40 ta fi ta digiri 25 rashin kauri da kusan kashi 5 cikin 100. Ke nan tun kafin bakanike ya taɓa shi, injin da ke Tsanyawa da bazara ba ya ba da abin da aka rubuta a kwalinsa.

Mu dawo kan gyaran da muke yi

Ɗauki fasa salansa. Ƙara dai kam za ta ƙaru, har kajin unguwa sai sun shaida. Amma kamfani ya daidaita kabureta ne da salansar da ya sa. Idan aka fasa ba a sake saitin mai da iska ba, inji kan ƙara zafi, kuma sau da yawa ƙarfin tashi da kaya raguwa yake yi. Kunne ne ke ruɗar mutum ya ɗauka gudu ya ƙaru. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai faɗaɗa bulo a sa fistin mai kauri. Idan faɗin fistin milimita 50 ne aka ƙara masa rabin milimita, cikin injin ya ƙaru da kashi 2 cikin 100 kacal. A babur mai doki 8, ƙarin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na doki ba. In ka ji babur ya farfaɗo bayan wannan aiki, tsohon ƙarfinsa ne ya dawo saboda sabon ringi ya daina zubar da iska.

Canza faifan haƙoran sarƙa kuwa ba ya ƙara doki ko rabi. Musaya ce: babban faifai a baya ya ba ka ja a yashi da kaya, ya rage gudu; ƙarami ya ƙara gudu, ya rage ja.

Manomi ne ya tilasta awo

Wannan rigima ta lambar da ke jikin inji ba a kanmu aka fara ba. Wilmot Crozier, manomi a jihar Nebraska ta Amurka, ya sayi tarakta wadda ta kasa yin abin da aka tallata. Da ya shiga majalisar jiha sai ya tsaya kai da fata aka yi doka a 1919: ba a sayar da samfurin tarakta a jihar sai jami'a ta gwada shi. An fara gwajin a 1920, kuma ɗakin gwajin na Jami'ar Nebraska yana aiki har yau. A Najeriya, cibiyar NCAM da ke Ilorin na da alhakin gwada injinan noma.

Ko manyan kamfanoni sun gyara lambobinsu. Injin Honda GX160 da aka daɗe ana kira biyar da rabi, yanzu kamfanin doki 4.8 yake rubuta masa, bisa awon da ake yi da salansa da matatar iska a jiki. To ina ga injin da ba ka san wanda ya ƙera ba, an manna masa sitika an rubuta 6.5?

Dainon talaka

Mai noman rani a bakin madatsar Tomas ko Watari yana da nasa awon a hannu: duro mai lita 200 da agogon waya. Saka tiyo a duro, duba daƙiƙa nawa ya ɗauka ya cika. In ya cika a daƙiƙa 20, lita 10 ke nan duk daƙiƙa, wato 600 a minti. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Injin da ke ɗaga lita 10 duk daƙiƙa zuwa tsayin mita bakwai da rabi, aikin doki ɗaya cif yake zuba wa ruwan. Gwada inji biyu a rijiya guda da tiyo guda, ka ƙara da duba mintin da kowanne zai yi da lita ɗaya ta fetur. Nan take za ka san wanda zai ci maka ribar tumatir.

Mai babur ma haka. Kafin ka kai shi gyara, zuba lita ɗaya, ɗauki kayan da ka saba ɗauka, bi hanyar da ka saba bi da gudun da ka saba, rubuta kilomitar da ta kai ka. Maimaita bayan gyara. Kada dai a mayar da titin Dambatta zuwa Kazaure filin gwaji, don a daino mota a ɗaure take, a titi kuwa akwai yara da shanu.

Ɗaliban Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta da na kwalejin fasaha ta Bichi, ga aikin kammala karatu a ƙofar gida. Birkin Prony katako ne da sikeli da na'urar ƙirga juyi. Wanda ya haɗa shi ya kafa a kasuwa yana auna injin ban ruwa kafin a biya kuɗi, zai samu layi.

Babu ɗayanmu da zai sayi gero ba a zuba a kwano ya gani ba. Inji ya fi buhun gero tsada nesa ba kusa ba, kuma shi ne muke saye a kan maganar baki. Gaba in an ce maka doki kaza ne, tambayi wanda ya auna.