Ɗaukar mai horar da motsa jiki: wa yake da bukatarsa a Muchalla?

Mai horarwa na ƙashin kai, wanda matasa suka fi sani da koci, shi ne wanda ake biya domin ya tsara wa mutum ɗaya atisayen da ya dace da shekarunsa da lafiyarsa, ya kuma tsaya a kansa yana gyara masa kurakurai. Sana'ar ta fi kafuwa a Legas da Abuja, amma bidiyoyin Facebook da TikTok sun kai labarinta har Muchalla, gundumar Fali da ke ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, a gindin duwatsun Mandara kusa da iyakar Kamaru.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta nemi kowane baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, wato irin wanda ke sa numfashi ya ɗan hau ba tare da ya hana magana ba, tare da aikin ƙarfafa tsoka na kwana biyu. Manomin da ke huɗar dawa da gyaɗa a gangaren dutse, da matar da ke ɗebo ruwa da itace, sukan wuce wannan adadi da damina tun kafin mako ya raba, don haka biyan wani ya sa su gumi ɓarnar kuɗi ce. Abin da ya fi damunsu shi ne ciwon baya da na gwiwa, wanda shi kuma aikin asibiti ne.

Lissafin yana sauyawa ga ɗan Muchalla da aiki ya zaunar a cikin Mubi, kamar ma'aikacin Jami'ar Jihar Adamawa ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ko ɗan kasuwar da ke wuni a shago ya koma gida a babur, domin a irin wannan zama ne teɓa da hawan jini da ciwon suga suke samun wuri. Abu uku mai horarwa ke sayar wa irin wannan mutum: tsari, da gyaran yadda ake ɗaga ƙarfe ko durƙuso don kada a ji rauni, da kuma matsin da ke hana fashi. Na ukun ne, a gaskiya, mafi yawan mutane suke biya wa, tun da wanda ya ba da kuɗinsa kuma ya san ana jiransa bayan sallar asuba ba ya saurin komawa barci. Sai dai matsin nan aboki mai himma yana iya bayar da shi kyauta, yayin da tsari da gyara ilimi ne da ake koya cikin makonni kaɗan, saboda haka yarjejeniyar wata ɗaya ko biyu ta fi ta shekara ma'ana. Haka ma saurayin da ke shirin gwajin gudu na shiga soja yana da buri ƙayyadadde da ranar da aka sa, kuma horo na ɗan lokaci ya ishe shi.

Inda ake yawan kuskure shi ne ɗaukar mai manyan damatsa a matsayin masani. Mai horarwa nagari yakan fara da tambayar tarihin lafiya, ya nemi a auna jini kafin atisaye mai nauyi, kuma ba ya tallan ƙwayoyi ko garin ƙara tsoka. Wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki ko karaya kuwa, wurin likitan gashin ƙashi mai rajista ya kamata ya nufa, domin shi ne ya karanci farfaɗo da gaɓoɓi. Idan kuɗin ya yi wa mutum ɗaya yawa, mutum huɗu ko biyar masu buri iri ɗaya suna iya haɗa hannu kamar 'yan adashe su ɗauki koci guda, su riƙa haɗuwa a filin makarantar firamare, inda ba a biyan kuɗin shiga.