Magneziyom, Ƙarfe Mara Nauyi, da Zumuncinsa da Yuraniyom

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen hanyar da ta taso daga Tawa ta bi ta Agadas zuwa Arlit, ya ga manyan motoci suna nishi ƙarƙashin kaya, ya san cewa nauyi shi ke shan mai, shi ke cin taya. Wannan ne dalilin da ya sa masana ilmin ma'adinai suka duƙufa kan magneziyom, ƙarfen da Allah Ya halitta da sauƙi, wanda nauyinsa bai wuce sulusi biyu na sanholo ba, bai kuma kai rubu'in na baƙin ƙarfe ba.

Amma fa yana da aibi, domin shi kaɗai ba shi da ƙwari, gishiri da laima suna cinsa, in kuwa ya kama wuta sai ya tashi da farin haske mai kashe ido, wanda ruwa ke ƙara wa fushi, sai dai a binne shi da busasshen yashi. Maganin da hikima ta gano shi ne gauraye: a zuba masa sanholo kashi 9 cikin ɗari da tutiya wajen kashi 1, sai a sami haɗin da ake kira AZ91, wanda ake zuba kayan mota da shi.

Zumuncinsa da yuraniyom kuwa daɗaɗɗe ne. A tashar nukiliya ta Calder Hall da ke Ingila, wadda aka buɗe a 1956, cikin kube na magneziyom mai suna Magnox aka riƙa sanya sandunan yuraniyom, saboda ba ya haɗiye ƙwayoyin da ke rura wutar nukiliya. A nan gida ma, rawayan garin yuraniyom da kamfanin COMINAK ya fitar daga ramin haƙa na Akuta tun 1978 har 2021, haɗe yake da magneziyom.

Maƙerin tukwane da ke narka tsohon sanholo a garuruwan nan, yana sanin guntun magneziyom da ya ɓuya cikin tarkace idan ya ɗiga masa ruwan tsami ya ga kumfa. Wannan basira mafarin ilmi ce. Abin da ya rage mata shi ne mizani da ɗakin gwaji. Lalle ya wajaba makarantar ma'adinai ta Agadas, wato EMAIR, ta koya wa 'ya'yanmu sirrin gauraye, domin ramin haƙa yakan rufe kamar yadda na Akuta ya rufe, alhali sana'ar haɗa ƙarfe tana nan a hannun wanda ya iya ta.