Ta Yaya Imani Ke Shiga Zuciyar Yaro?

Yau zancenmu kan ƙananan yara ne: yaushe suke fara fahimtar Allah, kuma daga ina?

Mu fara da wani gwaji da masanin halayyar ɗan Adam Justin Barrett da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 a Amurka. An nuna wa yara kwalin biskit, aka buɗe, sai ga duwatsu a ciki. Aka rufe, aka tambaye su: in mama ta ga kwalin nan, me za ta zata yana ciki? Yawancin 'yan shekara 3 suka ce duwatsu, don a wurinsu abin da suka sani mama ma ta sani. 'Yan shekara 5 kuwa suka ce mama za ta zata biskit ne, amma Allah Ya san duwatsu ne. Kun gani ko? Tun a wannan shekarun yaro ya fara bambance sanin mutum mai iyaka da sanin Ubangiji.

Wata masaniya, Deborah Kelemen, ta gano cewa yara kan ɗauka komai an yi shi ne don wata manufa. Tambayi yaro dalilin tsinin dutse, zai fi karɓar amsar cewa don dabbobi su riƙa susa ne. Shi ya sa batun Mahalicci ba ya yi masa wuyar shiga.

To amma wane irin imani zai riƙa? Nan ne gida ke shigowa. Paul Harris na Jami'ar Harvard ya nuna cewa abin da yaro bai gani ba, ta bakin manyan da ya amince da su yake karɓarsa. Bai taɓa ganin ƙwayar cuta ba, amma ya yarda akwai ta, saboda kullum ana ce masa ya wanke hannu. Haka ma al'amarin gaibu.

Don haka, 'yan uwa, mu duba bakinmu. In yaro ba ya jin sunan Allah sai lokacin barazana, "Allah zai ƙona ka!", da tsoro kaɗai zai san Shi. In kuwa yana jin sunanSa wajen cin abinci, wajen godiya, wajen yafiya, da rahama zai san Shi. Kuma in ƙaninka ya tambaye ka wa ya yi sama, kar ka kore shi. Zauna ka ba shi amsa daidai da hankalinsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.